Gahawar da Abu Gazi Bai Sha Ba

Ammu Sabri, wato Baffa Sabri, shi ne ya fara nuna mini shi. Bamisire ne, ya shekara goma sha tara yana zuba gahawa a otal ɗin da ake taron 'yan jarida duk kaka a Amman, kuma ya san kowa ta yadda yake barin kofinsa.

"Kin ga mai jan rawanin can?" in ji shi, yana goge tire. "Abu Gazi ke nan. Shekara tara ina zuba masa, shekara tara ina zubarwa. Wallahi da bishiya nake ba wa, da yanzu muna zaune a inuwarta."

"Ba ya shan gahawa ne?"

"Ba ya sha? Je ki ƙofar baya da azahar, inda direbobi ke zama. Kofi uku a jere. A nan ciki ne kawai take zame masa guba."

Sunana Ruwaida. A lokacin shekarata ashirin da shida, na baro garinmu Karak da littafi guda wanda ba wanda ya karanta sai gwaggona, ita ma don ta duba ko na sa ta a ciki. Na zo taron ne da abin da ya kawo kowa: in sami edita a hutun minti ashirin, in tsare shi tsakanin tebur ɗin kek da ƙofa, in sayar masa da labari cikin jimla uku. A zauren nan ba a fara kallon fuskar mutum. Katin da ke rataye a wuyansa ake karantawa, sannan a yanke shawarar irin murmushin da ya cancanta. Kana magana da mutum idonsa na bisa kafaɗarka, yana neman wanda ya fi ka. Ustaz Nadim, editan wata mujalla ta Beirut, ya saurari jimlolina uku a ranar farko, ya dafa ƙirji ya ce, "Labari ne mai kyau, 'yata, amma ba ya numfashi. Kawo mini abin da zai hana ni cin abinci."

To, ina cikin neman abin da zai hana shi cin abinci ne idona ya tsaya kan Abu Gazi.

Muflih ne sunansa na yanka, mutumin Ramsa, can arewa a bakin iyaka. Kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙetaren iyakar, direba ne, irin waɗanda ke tsallakawa sau biyu a rana da tsohuwar Marsandi, su tafi da fasinja su dawo da alewa da barguna da kayan amare. Ya san kowace kwana ta hanyar, ya san wanda ke sayar da man fetur mai ruwa, ya san gidan da za a ba ka abinci ko ba a san ka ba. Da yaƙi ya zo, fasinja suka ɗauke, sai 'yan jarida suka maye gurbinsu. Ya zama ɗan jagora: ya ɗauko su daga filin jirgi, ya kai su inda labari yake, ya ce wa mutane, "Ku yi magana, nawa ne." Kuma mutane sukan yi, domin sun san ubansa.

Da yaƙin ya tsufa 'yan jarida suka koma wasu ƙasashe, shi bai koma ko'ina ba. Kowace shekara yakan goge kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya zo taro. Matasa na son sa. Yakan ba su labari kyauta kamar mai raba dabino: rijiyar da ta ƙafe a Mafrak, tsohuwar da ke koya wa maza gyaran injin ban ruwa, makarantar da ke da malami ɗaya da ƙararrawa biyu. Na san mutum uku da suka sami aiki da labaran da ya ba su a tsaye. Kowa na gaishe shi, ba mai tsayawa.

Na sa masa ido. Ga yadda yake yi. Sai ya zaɓi edita, ya karɓi kofi daga hannun Ammu Sabri, ya je ya ajiye shi kan dogon teburin da ke tsakaninsu, ya tura shi gaba kaɗan da yatsa, ya harɗe hannuwa. Sannan ya fara da Turancinsa na direba.

"Ka san hoton hannuwan nan?"

Kowa ya sani. A shekarar ma an sake rataye shi a bakin zauren, cikin hotunan da suka ci kyauta. Hannuwa biyu ne cikin ƙullin fulawa, ba fuska, hasken taga na sauka a kansu. Na hagu babu ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. A ƙasa an rubuta: Ahmad, mai gidan burodi, an canza sunansa don kare lafiyarsa.

"Na san mai su," in ji Abu Gazi. "Ba Ahmad ba ne. Ina so a rubuta sunansa."

Editan zai ce abin na da ban sha'awa, ya miƙa kati, ya ce a aiko masa da saƙo. Ƙararrawa ta kaɗa. Abu Gazi ya yi godiya har da sunkuyawa. Kofin na nan, ko leɓe bai taɓa shi ba.

Na gane abin da yake yi tun a karo na farko, domin ni 'yar Karak ce. Na girma ina leƙen ɗakin baƙin mahaifina ta bayan labule, ranar da maza suka zo neman aure ko sulhun jini. Ana zuba wa babbansu gahawa, sai ya ajiye finjalin a ƙasa bai sha ba. Ɗakin ya yi tsit. Ba mai motsi sai mai gida ya ce, "Sha gahawarka, abin da ka zo nema an ba ka." In ya faɗa, ya ɗaure kansa da zuriyarsa. In bai faɗa ba, baƙo ya tashi ya bar ta ta huce, kuma garin duka zai ji kafin magariba. Mutumin nan, da kofin takarda mai tambarin otal, yana yi wa Turawa abin da kakanninmu ke yi a kan kilishi, su kuwa suna duba agogo.

Da farko tausayi ya ba ni. A rana ta biyu tausayin ya fara ja da baya. Na lura bai taɓa ajiye kofi a gaban Balarabe ba. Da Ustaz Nadim sai barkwanci, da editocin Amman sai tambayar iyali, hannunsa riƙe da ruwa. Baƙi kaɗai yake zaɓa, cikinsu ma waɗanda aka fi yi wa layi, kuma sai saura minti biyar a koma. Mutumin da ya san wace tsohuwa ce za ta yi magana a wane ƙauye ba zai kasa sanin wanda zai ce masa a'a ba. Shekara tara yana roƙo a inda ya tabbata ba a jin yaren roƙonsa.

A rana ta uku na karɓi kofi biyu. Ammu Sabri ya ce, "Kai, Ustaza, ke ma kin shiga ƙungiyar masu ɓarna?"

Na iske Abu Gazi shi kaɗai a gaban hoton. Na miƙa masa ɗaya, ya karɓa don kunya.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar Karak."

"Allah Ya tsare mu. Ku ne masu cewa mansaf ɗin kowa, shinkafa da naman nan, miya ce in ban da naku."

"Ai gaskiya ce. Ammu, gaya mini labarin hannuwan."

Ya dube ni, ya dubi kofin. Babu inda zai kai shi. Al'ada ta fi ƙarfinsa, ya ajiye shi kan teburin da ke kusa, amma bai tura ba. Ya ba ni labarin a gajarce, kamar wanda ya haddace: Dirgam sunansa, mai gidan burodi a wani ƙauye a ƙetare, ya yi magana da wani ɗan jarida, kwana tara bayan fitar hoton wasu mutane suka zo da mota marar lamba, ba a sake ganinsa ba. Matarsa Ummu Basil tana Irbid yanzu. Ana ta yawo da hannuwansa daga gari zuwa gari da sunan wani.

Zan so in ce don Allah na yi abin da na yi. Amma ina jin muryar Ustaz Nadim a kunnena, kuma na san wannan labarin yana numfashi.

"Sha gahawarka, Abu Gazi," na ce. "Abin da ka zo nema an ba ka."

Ban taɓa ganin fuska ta faɗi haka ba. Kamar wanda ya jingina da ƙofa shekara da shekaru, aka buɗe ta ta ciki.

"Wannan maganar maza ce, 'yata," in ji shi a hankali. "Ba wasan yara ba."

"Mahaifina Abu Ruwaida ake kiransa. Ba shi da ɗa namiji. Maganata tasa ce."

"Ba ki san abin da kike ɗauka ba."

"Kai ma da ka sani ai ka ajiye kofin."

Ya tsura wa kofin ido. Ƙararrawa ta kaɗa, zauren ya watse, ya rage mu biyu da Ammu Sabri can nesa, tire a hannu, baki buɗe. Sai Abu Gazi ya ɗauki kofin ya shanye a tashi ɗaya, kamar magani.

Ranar Asabar da hantsi ya zo ɗaukata. Marsandin tana nan, kujerunta na warin taba da lemun tsami. Har muka wuce Baƙa'a yana ba ni labarin Dirgam, wannan karon ba haddar ba. Abokinsa ne tun suna samari. Injin kwaɓa ne ya cinye masa yatsu yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma yakan ce wa masu saye, "Ku ci a hankali, yatsana na cikin ɗaya daga ciki, har yau ban gano wanne ba." Duk safiyar da Muflih ya tsallaka, nan yake fara tsayawa, a ba shi burodi mai zafi da barbaɗen ganyen za'atar, ba a taɓa barin ya sa hannu a aljihu ba. Abin da Dirgam ya gaya wa ɗan jaridar kuwa ƙarami ne. Ya ce shi ba ya sauraron rediyo, ta burodin da ke kwana yake gane gidan da aka kwashe mazansa.

"Wa ya ce a ɗauki hannuwan?" na tambaya.

Ya ci gaba da tuƙi. Muka gangara wajen Jarash, inda masu zaitun ke jera galan-galan a bakin titi. Ya sauka daga kwalta ya kashe mota. Wani mai sayarwa ya taso da murna, Abu Gazi ya ɗaga masa hannu, ya koma.

"Ke 'yar sanda ce ko marubuciya?"

"Ka sha gahawar, Ammu."

Ya kama sitiyari da hannu biyu. "Baturen ɗan jaridar da na kai masa mutumin kirki ne. Ya ce ba zai ɗauki hoto ba sam, murya ta isa. Ya riga ya mayar da kamara cikin jaka. Ni ne na ce masa, a aikinmu in ba a son fuska sai a ɗauki hannu. Na ga ana yi, na koya, ina alfahari da na koya. Na ce, dubi hasken nan, asara ne a bar shi. Ina so ya koma ya ce wa abokan aikinsa akwai wani direba a Ramsa mai ido." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ɓoye fuska! A ƙauyen da mutum dubu biyu ke karɓar burodi daga hannun nan kowace safiya. Wa ya taɓa kallon fuskar mai burodi? Hannunsa ake kallo. Ni da na ci daga hannun nan shekara talatin, ni na manta."

"Ummu Basil ta sani?"

"Duk kaka ina kai mata man zaitun. Tana yi mini addu'a." Ya tada motar. "In za a rubuta sunansa, sai da izininta. In za a nemi izininta, sai an gaya mata. Kin gane yanzu, Ustaza mai wayo?"

Na gane. Muddin Turawa na cewa a aiko da saƙo, shi mai neman haƙƙin abokinsa ne wanda duniya ta ƙi saurara. Ni na raba shi da wannan.

Ummu Basil na zaune a hawa na uku, a wani gida da ke bayan tashar motocin arewa. Fadwa sunanta, doguwa, ba ta kai tsufan da na zata ba. Ta tarbe mu da fara'a.

"Abu Gazi! Yau babu galan ɗin mai, ko ka yi sabuwar amarya ka kawo mini in duba?"

"Wace za ta ɗauke ni, Ummu Basil? Ko motata ta gaji da ni."

Ta kawo butar gahawa da kanta, ta zuba masa a finjali. Ya karɓa da dama, ya sunkuya, ya ajiye shi kan tayil a gaban ƙafafunta.

Fara'ar ta tafi. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗora hannuwa kan gwiwa. Ba ta yi mamaki ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Ya faɗa mata duka, idonsa a ƙasa. Bai rage wa kansa komai ba, har maganar direba mai ido. Da ya gama sai aka ji mai sayar da gas na wucewa a titi da kiɗan motarsa.

"Ina bayan buhunan fulawa a ranar," in ji ta. "Ina tankaɗe. Na ji ka. Dubi hasken nan, asara ne a bar shi. Da Larabci ka fara faɗa, sannan ka juya masa."

Ya ɗago.

"Shekara goma sha biyu kana hawo mini bene da galan a kafaɗa, Muflih, kana haki. Ina karɓa ina cewa Allah Ya saka. Kowace shekara ina cewa, bana zai ajiye galan ya buɗe baki. Sai in ji wai kana Amman, kana bin Turawa da kofi."

"Na ji tsoro."

"Na sani. Ni ma na ji ka a ranar ban fito na ce a'a ba. Na ga hoton ya yi kyau a bayan kamara, har na yi murmushi." Ta juyo gare ni. "Ke ce mai rubutun? Rubuta. Dirgam Salih, Abu Basil, mai gidan burodin da ke kusa da masallacin ƙasa. Ba sauran namu a can da za a taɓa. Ki rubuta na wannan ma, Muflih, cikakke. Nawa ma ki sa. Kada ki canza wa kowa suna, mun ga amfanin canzawar."

Abu Gazi ya dubi finjalin. Ni ma na duba. Ta ba da abin da aka zo nema, saura kalmomi biyu.

"Sunan nasa ne, ba nawa ba, shi ya sa na bayar," in ji ta. "Amma ba shi ka zo nema ba, kai ma ka sani. Wancan ba ya hannuna yau."

Ta sunkuya ta ɗauki finjalin, ta kai kicin. Muka ji ƙarar zubarwa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Lokacin da yake magana, hannuwansa na rataye tsakanin gwiwoyinsa, finjalin na ƙasa, hasken taga na sauka a kansu. Wayata na kan cinyata. Na danna.

Ustaz Nadim ya karanta labarin, ya kira ni da kansa. Ya ce bai ci abincin rana ba. Ya ce abu biyu kawai: lauyansu na ganin a canza sunayen, haka ake yi, sannan ana bukatar hoto. "Ba sai fuska ba, 'yata. In dattijon na jin kunya, ɗauko mana hannuwansa da kofin."

Na ce masa ba ni da hoto, kuma sunayen ba nawa ba ne da zan canza. Ya ce in yi tunani, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Gaskiya ya faɗa, ba ta sake zuwa ba. Labarin ya fito a wata ƙaramar jaridar Irbid, tsakanin sanarwar rasuwa da tallan gidajen haya, da sunaye uku cikakku. Ummu Basil ta yanke shafin ta sa a firam. Hoton hannuwan Dirgam na ci gaba da yawo, har yau Ahmad ne a ƙasansa. Na rubuta wa masu shi sau huɗu, sun ce abin na da ban sha'awa.

Abu Gazi bai sake zuwa taro ba. Bara Ammu Sabri ya tare ni da tire ya ce, "Ustaza, me kika yi wa mutumina? Wani lokaci sai in zuba kofi in juya in miƙa, ba kowa a wajen."

Yana Ramsa, ya sayar da Marsandin, gwiwoyinsa sun fara ƙin bene. Duk da haka kowace Juma'a bayan an sauko yakan hau bas zuwa Irbid, ya hau hawa uku yana hutawa a kowanne. Ummu Basil ta buɗe, su gaisa, ta tambayi jikokinsa, ta zuba masa. Ya ajiye a kan tayil. Su zauna har ta huce, ta ɗauke. Na tambaye ta ko za ta taɓa faɗa. Ta ce ba ta sani ba, amma ta ƙara yawan gahawar da take saye.

Hoton nan yana cikin wayata. Na canza waya sau biyu, yana biyo ni. Ban nuna wa kowa ba, ban kuma goge shi ba. Ya yi kyau ƙwarai.